Lambar Haraji da Sunan Mahaifinku

Na san abin da ake faɗa a kaina a kasuwar kifi ta Yelwa, na kuma san ya iso kunnuwanku, tunda babu wadda ta taɓa rage murya don ta ga ina wucewa. Cewa ake yi Kulu ta kai mijinta gaban alƙali ta kashe shi a takarda don ta gaji shagon waya. Kai babbansu, da ba na kiran sunanka, ka ji maganar daga Kaduna ka ɗauka, yau shekara huɗu rabonka da ƙofar gidan nan, sai dai ka aiko gaisuwa ta bakin ƙannenka kamar mai gaida maƙwabciya. Ban kare kaina ba a lokacin saboda an ɗaure mini baki. Wadda ta ɗaure shi ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labarin da ba na so, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce uffan.

Kun tashi kun gan ni cikin hayaƙin banda. Mahaifinku ke bin tungayen masunta da kasuwannin bakin ruwa yana sayo ɗanyen kifi, ni in wanke, in naɗe tarwaɗa in soke ta da tsinke, in jera a raga, in yi ta juyi har ta yi ja ta bushe. Shekara da shekaru dillalai ne ke kwasa a farashin da suka ga dama. Sai wani mai saye daga birni ya nuna masa kasuwar intanet, inda mutum zai sa hoton kayansa, mai so ya biya can wurin masu kasuwar, su riƙe kuɗin sai kaya sun isa sannan su sako wa mai shago ta banki. Ya buɗe da sunansa, da katinsa na ɗan ƙasa, da asusunsa, har fuskarsa sai da wayar ta ɗauka. Ni dariya na yi masa, na ce wane mai hankali ne zai sayi kifin da bai shinshina ba. Kafin shekara ta zagayo na haɗiye dariyata, domin duk mako sai an kai kwalaye tasha, wasu Abuja, wasu Legas. Da kwalayen nan aka rufe wa Inna, mahaifiyarsa, ɗakinta da kwano.

Yana da wata al'ada, ba ya hawa ruwa da wayar. In zai fita sai ya jefa ta cikin tsohon gwangwanin madara ya miƙo mini. Haka ya yi ranar da ya tafi kasuwar Wara shi da ƙaninsa Umaru. A hanyar dawowa jirgin ya cika da mutane da buhuna, ya daki kututture, irin itatuwan nan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogi, suna nan tsaye a ƙasa ba a ganinsu. An tsamo wasu da rai, Umaru na ciki. An tsamo wasu ba rai. Kwana biyar masunta suna bin ruwa da ƙugiya da taru, ba a ga mahaifinku ba, ba a ga ko hularsa ba.

Sauran gidajen da abin ya shafa sun shimfiɗa tabarmi sun karɓi gaisuwa. Mu ba mu shimfiɗa ba, Inna ta hana. Kun san kakarku. A tsibiri aka haife ta, garin da yanzu jirage ke wucewa ta kansa, kuma tana da nata sanin game da ruwa wanda babu malamin da ya iya kankare mata shi. Da liman ya zo da maganar sadakar uku, daga bakin ƙofar ɗakinta ta amsa masa.

"Wa yag ga gawa? Wanda yag gani shi hwaɗa min. A garinmu na da an yi wanda ruwa ya ɗauka, shekara bakwai sai ga shi ya dawo da ƙahwatai. Da uwatai ta yi mai sadaka da ƙohwa ta ruhe. Ba a ruhe ma ɗana ƙohwa ina numfashi."

Umaru ya buɗe baki, shi da ya ga yadda ruwa ya rufe kan yayansa. Ta dube shi sau ɗaya, ya mayar da bakin ya rufe. Don haka ba a yi uku ba, ba a yi bakwai ba, ba a raba gado ba, ni kuma ban shiga takaba ba. A bakin Inna ina da miji, a ɗakina kuwa ni kaɗai nake.

Bayan mako biyu wayar ta fara ƙara cikin gwangwani. Mutane na son kifi, gida kuma na son abinci. Na san lambar buɗe wayar, na san ta katin banki, ɗan karatun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ya ishe ni in rubuta "an aika" da "mun gode". Umaru ya karɓi sayen ɗanye, ni na ci gaba da sauran. Ban ce wa masu saye ya mutu ba, ban ce musu yana raye ba, na bar sunansa a saman shagon yadda ya sa shi. Da yawansu ba su son rubutu, saƙon murya suke turowa. In kwali ya isa sai ka ji mutum daga wata duniya ya yi sallama, ya kira mahaifinku da sunansa ɓaro-ɓaro, ya ce kifi ya iso lafiya, Allah ya ƙara kasuwa.

A nan ne abin ya kama mu. Ni matarsa ce, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce maigida ko babansu. Inna kuwa ɗanta ne na fari, kunya ba ta barinta, "yaron nan" take ce masa har ya yi furfura. Mata biyu a gida ɗaya, kowace na ƙishin sunan, babu mai iya furtawa, sai waya. Duk bayan la'asar Inna za ta janyo tabarmarta kusa da murhun banda ta zauna.

"Kulu, kunna min mutanen ga."

In kunna. Ta karkata kunne, in an kira sunan ta lumshe ido, sannan ta amsa wa wayar kamar suna jinta:

"Lahiya lau. Ya ɗan yi tahiya. Shina gaishe ku."

Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba. Ni ma ina jiran la'asar ɗin nan fiye da yadda nake jiran abinci. Shekara biyu muka yi a haka.

Sai ga saƙo daga masu kasuwar, dogo, da jan layi a samansa. Na karanta na gane kalma ɗaya tak, haraji, kuma ita ce ba na son ganewa. Na yafa mayafi na tafi gidan Safiya 'yar'uwarku, ta karanta sau biyu kafin ta ɗago.

"Mama, sun ce duk mai shago sai ya sa lambar harajinsa, ya kuma faɗa ko yana da rajistar harajin saye da sayarwa, wanda suke ce wa VAT. Sunan da ke kan lambar dole ya zama sunan mai shagon. Kuma mai shagon zai sake nuna fuskarsa a waya. In wata ya ƙare ba a yi ba, za su rufe shagon su riƙe abin da ke ciki."

Na ce, "Fuskar wa?"

Sai ta kife wayar a kan cinyarta.

Ban san yadda na iso gida ba. Ku da kuka yi boko haraji a wurinku takarda ce. Mu da muka tashi muna jin labarin yadda iyayenmu ke ɓuya a gona in an ce masu haraji sun shigo gari, kalmar kaɗai tana kaɗa mana hanta. Washegari na yi wautar taɓa maganar a kasuwa, a fakaice, kamar ta wata ce. Hajiya Dije mai sayar da ƙananan kifin warangi, wadda ba ta taɓa rasa amsar komai ba tun daga maganin basir har zuwa siyasar duniya, ta ajiye mudu ta gyara zama.

"Masu harajin yanzu ai ba su zuwa da dogari. Cikin wayar suke. Duk kwabon da ya shiga suna gani. Kuma wanda anka kama shina cin kasuwa da sunan wani, gidan yari na, ba ruwansu da tsohuwa ko yarinya."

Daga ranar duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta kafar zana in ga ko mai farar riga ne da jaka. Na ƙona tarwaɗa raga guda, abin da ban yi ba tun ina amarya. Tsoro biyu ne suka sa ni tsakiya. In na yi shiru za a rufe shagon, muryoyin su ɗauke, wataƙila a zo a tafi da ni a gaban maƙwabta. In na yi magana kuma, sai na tsaya gaban Inna na ce mata ɗanta ya mutu. Na biyun ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Yanzu zan faɗa muku abin da na yi wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Wata ranar hantsi Inna ta tafi gidan suna. Na rufe ƙofa, na sauko da hoton mahaifinku daga bango, wannan babban da ya ɗaure fuska kamar an ce masa kifi ya ruɓe. Na goge gilashin da gefen zanena, na jingina wayar da kwalla, na latsa inda aka ce mai shago ya nuna fuska, na ɗaga hoton a gabanta. Wata da'ira ta fito ta zagaye fuskarsa, ta yi kore. Na ce alhamdu lillahi. Sai rubutu ya fito a ƙasa, gajere, wanda ko ni na iya karantawa. Wai ya kifta ido.

Na tsaya riƙe da hoton, ina kallonsa ta gefe kamar zai yi mini alfarma sau ɗaya. Wallahi sai da na ce masa a hankali, "Don Allah." Da'irar ta koma ja. A lokacin na lura yatsuna duk sun fito a cikin wayar, da rabin fuskata ta bayan hoton. Na ce shi ke nan, sun gan ni, na kai kaina da hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da jirgi ya kife, na share fuska kafin Inna ta dawo da ƙullin goro.

Kwana uku ina jiran a zo a kama ni. Da ba a zo ba, jiran ya fi ƙarfina, na ce gara in je da ƙafata. Na sa wayar a gwangwaninta, na ɗauki zane ɗaya na canji na cusa a jaka, don ban san ko zan kwana gida ba, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ofishin haraji. Wanda na samu wani magidanci ne mai tabarau, yana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Na miƙa masa saƙon ya karanta.

"Shagon wa ne, Hajiya?"

"Na maigidana. Ya yi tahiya."

"To ai da sauƙi. Daga inda yake ma zai iya yi ta waya."

"Inda yake babu waya."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Yaushe ya tafi?"

"Shekara biyu."

"Ta ruwa?"

Ashe ɗan bakin ruwa ne, daga wajen Shanga. Hawaye suka zubo mini. Ya rufe aljihun gyaɗar, ya tashi ya tura ƙofa, ya bar ni har na gama. Sannan na kwashe komai na faɗa masa, har da hoton, na ce ga ni, in kamu ne a kama.

Ya ce kamu ba aikinsa ba ne. Ya yi mini bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro alwala. Harajin nan, in ji shi, ba daga aljihun mai sayarwa yake fita ba, mai saye ne ke biya a kan kaya, mai shago ya tara ya miƙa wa hukuma. Kuma ba kowa ake ɗora wa aikin tarawar ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da cinikinsa na shekara bai kai iyakar da doka ta sa ba, babu ruwansa da shi, ni kuwa ko kusa ban kai ba. Abinci irin kifi ma ba a ɗora masa. Amma lamba kam sai da ita, don masu kasuwar su san da wa suke hulɗa, hukuma ma ta sani.

Na ce, "To in ba kuɗi kuke biɗa ba, mi kuke biɗa?"

"Suna, Hajiya. Sunan wanda ke tsaye a kan kasuwancin. Kasuwancin mutum ɗaya ba kamfani ba ne. A wurin hukuma shi ne shagon, shagon shi ne. In babu shi, babu shagon. Ke ki yi taki lambar da katinki, yau ma sai a fara, ba a biyan komai. Amma shagon nan da abin da ke cikinsa ba za su dawo hannunki ba sai da takardar alƙali."

Ya mayar da tabarau.

"Ni ba malami ba ne. Amma in da 'yar'uwata ce ke, zan ce ki daina taɓa asusun nan. Abin da ke ciki na magada ne, har da tsohuwar."

Wannan maganar ta fi ta gidan yari shiga jikina. Shekara biyu ina juya dukiyar da ba a raba ba, ina sallah a kai, ban taɓa kawo haka a raina ba. Na shiga ofishin ina tsoron hukuma, na fito ina tsoron kabarina.

Lambata ta fito cikin makon, ba wahala. Amma na kasa yi wa Inna magana. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta, in ga tana gyara shimfiɗar da take ajiye wa ɗanta a kan adaka, in ce mata ruwan wanka ya yi zafi in juya. Wata ya ƙare, aka rufe shagon, muryoyi suka ɗauke. La'asar ta yi, Inna ta janyo tabarma, ta ce in kunna mata mutanen. Sai na koma can baya cikin wayar na kunna mata tsofaffin saƙonni. Ta lumshe ido ta amsa. Gobe na sake, jibi na sake, ina tsallake-tsallake don kada ta gane. A rana ta tara na kunna wani mutumin Legas mai fara'a, wanda bayan godiyar kifi ya ƙara da cewa matarsa ta sauka, an samu namiji. Inna ba ta amsa masa ba. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Kulu, matar mutumen ga sau nawa za ta haihu? Bara ta haihu namiji, na yi mata barka. Yau kuma ta sake haihuwa tai?"

Na kashe wayar, ta ci gaba.

"Kin ɗauka tsufa ya cinye min kunne? Tun shekaranjiya nike jin tsohuwar magana. Mi anka yi ma shagon ɗana?"

Na durƙusa a gabanta, hayaƙi na shiga mini ido, na faɗa mata duka. Na faɗi lambar haraji, na faɗi hoton da aka ce ya kifta ido, na faɗi maganar magada. Na ce, "Inna, ina tsoron Allah ya tambaye ni. Ki yarje min in je wurin alƙali." Ina jira ta zage ni, ko ta ɗaga hannu, da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni abu ɗaya kawai.

"Sunka ce shi kihta ido?"

Na ce e. Ta naɗe tabarmarta da kanta ta shige ɗaki. Kwana shida ba ta ce mini ko sannu ba, in na kai tuwo sai in dawo in same shi yadda na ajiye.

Duk da haka na je, kuma wannan shawarar tawa ce, ba na musu. Na kira Umaru, muka kai magana, aka sa mana rana. Alƙalin dattijo ne, da ya ji irin shari'ar sai ya ce a yi ta a ofishinsa, ba a zauren da jama'a ke cika ba. Daga shi sai magatakarda, sai ni, sai Umaru da wani masunci da ya yi aikin nema. Umaru ya faɗi abin da ya gani da idonsa, maganar da ya haɗiye shekara biyu, yana yi muryarsa na karyewa. Masunci ya faɗi nasa. Sai alƙali ya juyo kaina.

"Baiwar Allah, ki faɗi cikakken sunan mijinki da bakinki, a rubuta cewa ke kika nemi a tabbatar da rasuwarsa."

Na buɗe baki. Shekara talatin da wani abu ban taɓa faɗin sunan nan ba, ko a fushi, ko a wasa, yanzu a ce karo na farko da zan faɗe shi shi ne don a rubuta shi cikin matattu. Harshena ya manne. Alƙali ya maimaita. Magatakarda ya ɗaga biro yana jira. A raina na ce na fasa, a rufe shagon, a riƙe kuɗin, in koma wa dillalai.

Sai muka ji sandar Inna a bakin ƙofa. Matar da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba a rayuwarta, ita kaɗai ta tari kabu-kabu ta biyo mu. Umaru ya miƙe tsaye, fuskarsa ta nuna ya san yau za a yi ta. Ni na sadda kai, na ce ta zo ta tsine mini a gaban shari'a. Ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta tsaya gaban teburin, ta dafa sandarta da hannu biyu. Zan rubuta sunan sau ɗaya, tunda daga bakinta ya fito ba nawa ba.

"Allah shi gafarta malam, ƙyale yarinyag ga, ba ta iyawa. Sunanai Abubakar Bawa. Ni na haihe shi, shi na na hwari. Ruwa ya ci shi. Rubuta ni na biɗa."

Magatakarda ya rubuta. Aka kawo tawada ta dangwala yatsa.

A hanyar gida ba ta yarda mun hau komai ba, a ƙafa muka tako, tana tsayawa tana hutawa. Daf da kwanar gidanmu ta riƙe mini hannu, ta kira Umaru ya matso.

"Shekara biyu ina hwaɗa ma gari ɗana na nan tahe. Kar a ji ni na ruhe mai ƙohwa, kar a ji na kira sunan ɗan hwari gaban maza. Ku riƙe min har in bi shi."

Muka ce mun riƙe. Da gari ya ji an yi takarda, ni aka gani na fita ofishin haraji, ni aka ga sunana ya hau kan shago, sai aka haɗa labarin yadda ya fi daɗin faɗa. Kai babbansu ka kira ni a waya kana tambaya ko gaskiya ne na je kotu. Na ce gaskiya ne. Ka ce, "Ko Inna ba ki ji tausayi ba?" Ka kashe. Inna na zaune kusa da ni tana ji, ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar.

An yi sadaka, an raba gado kowa ya karɓi nasa, na shiga takabata wata huɗu da kwana goma bayan shekara biyu da rasuwar miji. Da takardar alƙali da lambata masu kasuwar suka mayar da shagon sunana. Wayar ta ce in kifta ido, na kifta. Har yau ba a ɗora wa kifina ko kwabo ba, abin da mai tabarau ya ce kawai in riƙa lura da cinikin shekara, in Allah ya sa ya kai iyakar nan in koma wurinsu.

Inna ba ta daina janyo tabarma bayan la'asar ba, sai dai ba ta ƙara cewa in kunna mata kowa ba. Ranar da saƙon farko ya shigo a sabon suna, hannuna ya taɓa shi bisa kuskure, wata mata ta ce, "Salamu alaikum Hajiya Kulu, kifi ya iso." Na yi sauri zan kashe. Inna ta ce, "Amsa mata, da ke takai." Daga nan ta fara raguwa kamar kifi a kan raga. Ba ciwo, ba ƙorafi, abinci ne kawai ya rage, magana ta rage. Damina ba ta ƙare ba muka kai ta makwancinta. Na sha tambayar kaina ko da na bar ta da la'asar ɗinta da ta ƙara shekaru. Ban san amsa ba, kuma ina jin tsoron ranar da zan sani.

Ta ce mu riƙe har ta bi shi. Na riƙe har ta bi shi, na ƙara shekaru a kai saboda kunyarta ta zama tawa, Umaru ma bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Takardar tana nan cikin gwangwanin madara a ƙasan adakata, tare da lambar harajin. Duk mai shakka ya buɗe ya duba wurin da aka rubuta wanda ya nema, zai ga yatsan kakarsa.

Kai kuma babbansu, kai ne nawa na fari. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, kuma kullum na idar da sallah ina roƙon Allah kada ya nuna mini ranar da zan kira shi a gaban alƙali. Ka zo gida.